Akwai abin da ake shafa wa cikin baral ɗin bindiga ya rage tara dauɗa, ko talla ce kawai?

Maharbin_Minnesota:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce gare ni, musamman ga tsofaffin sojojin da ke cikinmu da masu sanin ƙarfe. Ina da raifil ta farauta .308, barewa nake bi da ita can arewacin jihar Minnesota ta Amurka idan Nuwamba ta kama, da lasisin farautata da komai. Matsalata wanki. Duk ranar da na je filin gwaji na dawo sai in kwashe yamma guda ina zura tsumma yana fitowa shuɗi, in sake jiƙa wani in zura ya kuma fitowa shuɗi, abin ba ya ƙarewa. To a shagon da nake sayen harsashi wani ya nuna mini ƴar kwalba ta wani ruwa mai siramik, wai ka wanke cikin baral, wato bututun da harsashi ke bi, tas, ka shafa, ka bari ya bushe, sannan ka harba ƴan harsasai zafin ya gasa shi a jikin ƙarfen, daga nan wai dauɗa ba za ta ƙara kamawa kamar da ba. Kuɗinsa ba wani yawa ba, tsorona kar in ɓata baral mai kyau da hannuna. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Ko akwai wata hanya da ta fi wannan?

Tsohon_Saje:
Wa alaikumus salam. Yaro ka wanke bindigarka kawai. Mu a bariki babu wani ruwan kwalba, igiya ce mai ɗan nauyi a baki, da ƙyallen falanel, da mai, shi ke nan. Ranar insifekshan sai ka buɗe bindiga ka sa farcen babban yatsanka a gindin baral don ya maido haske ciki, ofisa ya leƙa ta baki, in ya ga ɗigo ɗaya baƙi ranar kai da hutu sai gani sai hange. Da haka muka riƙe bindigogi shekara da shekaru.

Injiniya_Ƙarfe:
Baba Saje Allah ya ƙara girma, amma bari in ɗan raba zancen, don dauɗar cikin baral ba iri ɗaya ba ce kuma maganinta ma ba ɗaya ba ne. Akwai baƙin da albarushi ke bari idan ya ƙone, wannan kabon ne, sabonsa tsumma da mai suna ɗauke shi, in ya daɗe yana gasuwa ne yake tauri musamman daf da inda harsashi ke tashi. Akwai jan ƙarfe, wato rigar da ke jikin harsashi, da take gogewa ta manne a jikin tsagin nan mai murɗawa na cikin baral. Shi wannan jan ƙarfen mai ba ya taɓa shi, sai ruwan wanki mai narkar da jan ƙarfe, galibi mai amoniya, kuma shuɗin da Maharbi yake gani shi ne jan ƙarfen da ya narke. Akwai dalma ga masu harsashin da ba riga. Sai kuma gishiri, wanda shi ne mugun cikinsu, amma ba kowane harsashi ke barinsa ba. To kai Maharbi taka matsalar jan ƙarfe ce, kuma tambayar farko da zan yi maka, wane irin buroshi kake zurawa?

Maharbin_Minnesota:
Na tagulla ne Injiniya, wanda ya zo cikin kit ɗin. Har ɗan kan sandar da nake maƙala tsumman ma na tagulla ne.

Injiniya_Ƙarfe:
To ka ga wani ɓangare na shuɗin nan daga buroshinka yake fitowa. Ruwan bai san bambancin jan ƙarfen harsashi da na buroshi ba, duka ci yake. Sai ka wanke baral ya fita tas amma tsumma ya ci gaba da nuna shuɗi har gobe saboda kan sandar. Ka nemi buroshin nailan da kan sanda na roba ko na alminiyam ka sake gwadawa kafin ka kashe ko sisi a kan kwalbar nan.

dan_autan_mama:
nikam tunda nake bantaba sanin harsashi yana barin jan karfe acikin bindiga ba wlh, ina zaton hayaki ne kawai. ana karuwa agidan nan

Tsohon_Saje:
Injiniya na yarda da kai a nan. Amma tunda an shiga zancen rufi bari in faɗi abin da idona ya gani. Lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya, ruwan saman Monrovia ba irin namu ba ne, sai a kwana a wuni ana zubawa, iska kuma ga gishirin teku. Bindiga ka goge ta da dare da safe ka ga ja-ja ya fara fitowa a jiki. To AK ɗin da ke hannun yaranmu da waɗanda muke karɓa a hannun ƴan tawaye, wata za ka gan ta waje duk tsatsa, katakon ya kumbura, amma ka leƙa cikin baral ka ga yana ƙyalli. Kurom ne a ciki, wato farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ake rufe wani ƙarfe da shi. Wannan rufin kam na shaida yana aiki. Inda take cin amanar mutum shi ne bututun gas na sama da fistin, a nan tsatsa ke ɓuya in ka yi sakaci.

Malam_Tarihi:
Abin da Baba Saje ya faɗa shi ne darasin da Amurka ta koya da jinin sojojinta a Vietnam. Bindigar M16 ta farko da aka kai can ba a sa wa ɗakin harsashinta kurom ba, sannan aka canja nau'in albarushin zuwa wani da ya fi barin dauɗa, sannan labari ya bazu cikin sojoji cewa bindigar ba ta buƙatar wanki sosai, kayan wankin ma ba su wadata ba. Daji mai laima, ɗakin harsashi ya yi tsatsa ya yi ƙuraje, sai kwanso ya maƙale a ciki ana tsakiyar musayar wuta, soja ya koma neman sanda yana zungura ta baki. Sai da majalisar wakilansu ta kafa kwamiti a 1967 ya binciki lamarin. Bayan nan aka fara sa kurom a ɗakin harsashi, daga baya aka sa a dukan baral. Kuma ba su ne farko ba, Japan tun a bindigarsu Type 99 ta 1939 suke sa kurom a ciki.

Mai_Babur_KD:
To ai abin ya zo da sauƙi. Akwai masu yin kurom na bamba da rim da salansa, mutum ya cire baral ya kai musu su tsoma masa. Ko ba haka ba?

Injiniya_Ƙarfe:
A'a ɗan'uwa, kar wanda ya yi wannan don Allah. Kurom ɗin ado daban, kurom mai tauri na injina daban. Na cikin baral tun a masana'anta ake tsara shi, ana faɗaɗa ramin kaɗan da gangan sannan a zura waya ta tsakiya a saki lantarki, kurom ya hau ya cike daidai abin da aka rage. In ka ɗora kurom a kan baral da aka riga aka gama shi a daidai awonsa to ka matse hanyar harsashi, matsin wuta ya hau, kuma fuskarka ce a bayan wannan ƙarfen. Ko a masana'antar ma wahalar ita ce kaurin ya zo daidai daga farko har ƙarshe, shi ya sa masu gasar harbi daga nesa yawancinsu ba sa son baral mai kurom, sun fi son sitenles tsurarsa da aka goge cikinsa da hannu. Soja yana son bindigar da za ta jure ruwa da zafin harbi ba ƙaƙƙautawa, ɗan gasa yana son harsashi biyar su shiga rami ɗaya. Buƙatun ba ɗaya ba ne.

Alhaji_Houston:
Maharbi ni na ga zamanin moli da idona, ƙarshen shekarun 1990 a nan kowa ya haukace a kansa. Wani baƙin gari ne mai sulɓi, molybdenum disulfide, ake birkita harsasai a ciki su fito baƙi ƙirin, wai yana shafe cikin baral jan ƙarfe ba zai kama ba. Kuma gaskiya yana rage jan ƙarfen, ban musa ba. Amma hannunka baƙi, rigarka baƙi, gudun harsashi ya ragu sai ka sake lissafin saiti, sannan shi kansa molin yana taruwa a wuri ɗaya ya yi tudu, cire shi ya fi cire jan ƙarfe wuya. Mu da ke kusa da teku kuma ga laima tana shiga ƙarƙashinsa. Yau ka je filin gwaji da wuya ka ga mai amfani da shi. Wasu sun koma wani farin gari da ake kira hBN, ya fi tsabta, amma su ma tsiraru ne. Shi ya sa duk sabon abin da aka ce a zuba a baral nake tsayawa in ga masu gaggawa sun shekara da shi tukuna.

Jikan_Sarkin_Baka:
Ku kuna ta zancen bindigogin Turawa. Mu harba-ka-ruga muka gada, kuma wallahi babu bindigar da ta kai ta dauɗa. Kakana in ya dawo daga daji ba ya cin abinci sai ya wanke ta. Ruwa ake tafasa masa a ɗan tukunya, ya toshe ƴar ƙofar wuta da tsinke, ya ɗura ruwan ta baki ya girgiza ya zubar, ruwan ya fito baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya maimaita har sai ya fito fari. Sai ya jingina ta baki ƙasa kusa da murhu, ƙarfen da zafinsa ya busar da kansa, sannan ya naɗa tsumma a sandar ɗuri ya lakato man kaɗanya ya bi ciki da shi. Yana cewa ƙarfe yana shan mai ne a hankali kamar tandar waina, tsohuwar tanda ba ta kama ƙullu, sabuwa ce ke kamawa. Bindigar nan tana nan har yau a hannun baffana.

Malama_Kemistiri:
Jikan Sarkin Baka, Allah ya jiƙan kakanka, abin da yake yi daidai ne ɗari bisa ɗari ta fuskar ruwan zafi. Baƙin albarushi irin na da in ya ƙone fiye da rabinsa ba ya zama hayaƙi, toka yake zama ya zauna a ciki, kuma tokar nan gishiri-gishiri ce mai jan laima daga iska, ga farar wuta a ciki, ita ce warin ƙwan da kake ji. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. In ka shafa mai a kan tokar ba ka wanke ba to ka rufe tsatsa ne tana ci a ƙasa. Haka ma tsofaffin harsasan soja da yawa, ƴar hular da ke tayar da wuta a gindin kwanso tana da sinadarin kulorat, in ta fashe sai ta bar potassium chloride, ɗan'uwan gishirin miya ne. Shi ya sa sojan Ingila a da suke da mazurari na musamman na ɗura tafasasshen ruwa a bindigarsu Lee-Enfield. Na Maharbi dai harsashin farauta ne na zamani, ba shi da wannan matsalar.

Injiniya_Ƙarfe:
Malama ta gama magana a kan ruwa. Inda zan ɗan saɓa da Jikan Sarkin Baka shi ne batun ƙarfe na shan mai. Ƙarfen baral ba ya tsotsar mai ya riƙe, abin da man kaɗanyar ke yi shi ne ya hana iska taɓa ƙarfen, kuma a harba-ka-ruga yana sa tokar harbi na gaba ta yi laushi ta fita da sauƙi. Wannan amfani ne na gaske. Amma a .308 zafi da matsin da ke bin bayan harsashi ba za su bar wani mai ya zauna ba, harbi ɗaya ya tafi.

Jikan_Sarkin_Baka:
To Injiniya ku ne masu karatun. Ni dai abin da na sani bindigar da ake wa haka ta fi wadda ba a yi wa daɗewa, kuma na ga ta maƙwabta da aka bari da toka damina ɗaya ta cinye gindinta har ta tsage a hannun mai ita, yatsu biyu ya rasa.

Abu_Sumayya:
Ni fa ban ga dacewar wannan hirar ba a halin da Arewa take ciki. Mutane na kwana a daji saboda masu bindiga, mu kuma muna nan muna koyar da gyaran bindiga.

Admin_Gidan_Maharba:
Abu Sumayya mun ji damuwarka kuma babu wanda abin nan bai taɓa ba a cikinmu. Amma gidan nan na maharba ne da masu riƙe da makami bisa doka, kuma ƙa'idarmu tana nan a sama, ba a zancen haɗa albarushi, ba a zancen ƙera bindiga ko saye da sayarwa, duk wanda ya kawo za mu goge mu cire shi. Wanke bindigar da mutum ya mallaka da izini kare lafiyarsa ne da ta wanda ke tsaye kusa da shi, ka ga misalin da aka bayar yanzu na mai yatsu. A ci gaba, amma a tsaya kan tambayar.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu tsatsa ba ita ce babbar matsala ba sai ɗan lokacin damina, ƙura ce. Wanda ya cika wa bindiga mai a lokacin hunturu ya jawo wa kansa, rairayi ya manne a man ya zama kamar abin wasa wuƙa, kowane harbi yana cin ƙarfe. Tsofaffin gardi na daji da na sani busasshiya suke barin ta a ciki in za su fita, su ɗaure bakin da ɗan ƙyalle, sai an dawo gida a shafa mai kaɗan. To ni a ganina in akwai rufin da zai sa a daina dogara da mai, mu ne ma ya fi yi wa amfani.

Injiniya_Ƙarfe:
Dan Damagaram ka kawo ni inda nake so in je. Akwai hanya ta biyu bayan kurom, ita ce naitirayid, za ku ga an rubuta Melonite ko Tenifer ko QPQ a jikin talla, kusan duk abu ɗaya ne. Wannan ba shafi ba ne, ba a ɗora komai a kan ƙarfen. Ana tsoma baral ne a narkakken gishiri na musamman mai zafin kusan digiri 580 na Salsiyas, naitirojin da kabon su ratsa fatar ƙarfen su mayar da ita mai tauri sosai, ya fito baƙi ciki da waje. Tunda ba a ƙara kauri ba awon ramin kusan bai canja ba, don haka ba ya taɓa saiti yadda kurom kan iya yi, kuma yana jure tsatsa ƙwarai. Irinsa ne aka yi wa bindigar hannu ta Glock tun farko. Amma akwai sharaɗi biyu. Na ɗaya, sabon baral ake yi wa, ko wanda bai sha harbi ba, don wanda wuta ta riga ta fara tsattsaga maƙogwaronsa, wato farkon baral daf da ɗakin harsashi, in aka taurara shi a haka tsagar ba ta gyaruwa. Na biyu, duk kaushin da ke ciki kafin a tsoma to an daskarar da shi ke nan, harsashi ba zai ƙara goge shi ya yi sumul ba. Baral mai kaushi in aka yi masa naitirayid zai ci gaba da yagar jan ƙarfe har tsufansa.

Maharbin_Minnesota:
Ikon Allah. Wato ke nan asalin abin kaushin ciki ne ba rashin shafi ba? Don tawa ta kanti ce mai sauƙin kuɗi, ba baral na musamman ba.

Gansimit_Ohio:
Maharbi ni aikina ke nan, a shagon gyaran bindiga nake, kuma e, mafi yawan lokaci kaushi ne. Ka samu ƴar kyamarar nan da ake zurawa cikin baral, yanzu ta yi araha ana haɗa ta da waya. In ka zura a baral na kanti za ka ga layi-layi a gicciye kamar an ja ƙarfe da zarto, sawun injin da ya huda ramin ne, kuma a kan kowane layi za ka ga jan ƙarfe ya kwanta yana ƙyalli ruwan lemo. Ka zura a baral na gasa da aka goge da dalma da garin gugar ƙarfe, za ka ga sawun duk a tsaye suke suna bin hanyar harsashi, shi ya sa tsumma uku huɗu sun gama da shi. Ruwan siramik ɗin da kake magana na shafa wa kwastomomi da dama da suka zo da shi. Abin da na gani, a baral mai kaushi yana taimakawa, wanki yana raguwa sosai, a baral mai kyau kuwa ban ga wani bambanci ba. Saiti bai ƙaru ba bai ragu ba a waɗanda suka dawo suka ba ni labari. Wahalarsa shiri ne, dole ƙarfen ya fita tsirara, ba kabon ba jan ƙarfe ba ɗigon mai, in ka shafa a kan dauɗa ka yi asarar kuɗinka kawai. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba a nan suka faɗi, kuma ba tare da kyamara ba ba ka da yadda za ka tabbatar ya fita.

Alhaji_Houston:
Gansimit, to ya daɗewarsa? Don nan ne nake da shakka. Abin da aka shafa da tsumma, harsashi na bi ta kansa da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa, ga wuta a baya, ni hankalina bai kama cewa zai zauna ba. Kurom da lantarki aka manna shi, naitirayid cikin ƙarfen yake, wannan fa?

Gansimit_Ohio:
Alhaji tambayarka a kan hanya take. Ni fahimtata ba a kan tudun yake zama ba, cikin ƴan ramukan yake cikewa, shi ya sa mai kaushi ya fi amfana. A maƙogwaro kuwa, ɗan tazarar farko bayan ɗakin harsashi, babu abin da ke zama, wuta tana cin wurin ko me ka shafa. Wanda yake harba kwali biyu uku a shekara don farauta zai daɗe yana jin daɗinsa. Mai gasa da ke ƙona ɗaruruwa a wata ban ba shi shawara ba.

Tsohon_Saje:
To kun ga mun dawo maganata. Duk wanda ya ce maka ga abin da zai hana ka wanke bindiga ka tuna abin da Malam Tarihi ya faɗa na Vietnam. Ko mai kurom ɗin ma wankewa muke.

Hajiya_Mai_Gona:
Don Allah ku taimaka min da tawa tunda masana sun taru. Dabal baral ce ta marigayi maigidana, an mayar da lasisin sunan babban ɗana, a gona take saboda birai da gyado. Yaron da baƙin mai na janareta yake shafe ta ciki da waje, ni kuma raina bai kwanta da shi ba. Kuma in ka leƙa akwai wasu zane-zane fari-fari a ciki kusa da gindi.

Gansimit_Ohio:
Hajiya Allah ya jiƙan maigida. Ki ce ya daina sa baƙin mai, wanda ya riga ya yi aiki a inji cike yake da ƙurar ƙarfe da dattin ƙuna. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya fi shi nesa ba kusa ba, kaɗan a tsumma ya isa, kuma kar ya bari ya gangara cikin katako don yana ruɓar da shi. Zanen da kike gani galibi robar da ke riƙe ƙwayoyin harsashi ce take gogewa, ko dalma, buroshin tagulla da ɗan kananzir suna fitar da shi, sai a busar a shafa mai. Dabal baral da yawa, irin su Baikal na Rasha, da kurom suke zuwa a ciki, don haka ba ta da wahala. Abu ɗaya da zan roƙa, kafin ya harba ya zura busasshen tsumma ya kwashe man, ya kuma leƙa ya ga haske ta kowane baral. Bindigar da ke jingine a gona zanzaro na iya gina gidan laka a ciki, kuma wannan ya isa ya fasa baral.

Hajiya_Mai_Gona:
Na gode ƙwarai ɗana, Allah ya yi albarka. Zan tura masa wannan yanzu.

sniper_zango_kumasi:
Ni WD-40 nake fesawa a komai, har bindigar iska ta, ban taba samun matsala ba

Malama_Kemistiri:
Ɗan'uwa na Kumasi, WD-40 aikinsa korar ruwa, in ruwan sama ya doke ka a daji ka fesa babu laifi, amma ba ya narkar da jan ƙarfe kuma siririn man da yake bari ba na dogon ajiya ba ne. Bindigar iska kuwa in mai sifirin ce ka kiyaye, kar ya shiga inda iska ke matsewa, matsin yana kunna man kamar yadda injin dizal ke yi, za ka ji ƙara da hayaƙi, yana ƙona robar fistin. Kuma tunda ina nan, Maharbi, ruwan amoniya mai ƙarfi kar ka bar shi ya kwana a baral, bi mintocin da aka rubuta a kwalba, ka busar, ka bi da mai, don yana barin ƙarfe tsirara tsatsa ta samu wuri.

Alhaji_Houston:
Wani abu da ba wanda ya faɗa, anya ma dole ne a cire jan ƙarfen nan duka kowane lokaci? Bindigogi da yawa na kanti sun fi saiti in akwai ɗan jan ƙarfe a ciki, don shi ma cike ramukan yake yi. Ka wanke ta tas ka je fili, harbin farko da na biyu sai ka ga sun kauce, sai ta ɗan yi dauɗa take dawowa. Shi ya sa maharba a nan suke gwada saiti kafin lokacin farauta su bar ta a haka ba wanki mai zurfi har a rufe. Ni kabon nake gogewa in sa mai kaɗan, jan ƙarfe sai na ga rukunin harbina ya fara buɗewa a takarda. Kuma yawan zura sanda ma yana da nasa lahani, in kana shiga ta baki kana goge leɓen baral to ka kashe saiti da hannunka. Ta gindi ake shiga, da abin da ke riƙe sandar a tsakiya.

Injiniya_Ƙarfe:
Wannan gaskiya ne ga mai harsashin zamani a wuri busasshe. Amma kar Jikan Sarkin Baka ko mai tsohon harsashin soja ya ɗauka da shi ake, su ranar da aka harba ranar ake wankewa. Akwai ma albarushin da yanzu ake sa wa sinadarin rage jan ƙarfe tun daga masana'anta, dabarar ta daɗe a wajen masu igwa kafin ta zo ƙananan bindigogi, to wani lokaci canja kamfanin harsashi kawai yana rage matsalar. Harsashin da jan ƙarfe ne zalla ba dalma a ciki shi ma a wasu baral ya fi barin shuɗi.

Maharbin_Minnesota:
Injiniya ka taɓo wani wuri, don irin na jan ƙarfe zalla nake harbawa, saboda naman yara ke ci ba na son ɓarɓashin dalma a ciki, kuma ba zan bar shi ba. Na yi odar buroshin nailan da kyamarar, in sun iso zan ɗora hoton cikin a nan Gansimit ya duba mini. In kaushin ya yi yawa ina jin zan gwada ruwan bayan an rufe farautar bana, ba kafin ba.

Tsohon_Saje:
Ni dai da za ka ji tawa da ka bar kwalbar nan a shago.

Gansimit_Ohio:
Baba Saje ba za mu ja da ku ba, amma a bar shi ya leƙa tukuna. Maharbi in za ka ɗauki hoton ka wanke kabon ɗin da farko don yana rufe komai, ka ɗauko mini wuri uku, maƙogwaro, tsakiya, da ɗan tazarar ƙarshe kafin baki. Ka kuma faɗa mini baral ɗin sitenles ne ko baƙin ƙarfe.

Dan_Damagaram:
Injiniya ni har yanzu ina kan batun naitirayid ɗin nan. Wanda aka yi wa shi, a ƙurar hunturu za a iya barinsa babu mai sam, ko shi ma sai an shafa?